Ba dole ba ne ka faɗa wa shef ciwon da ke damunka

Jama'a da yawa a nan Maraɗi sun ɗauka wai in za ka nemi izini a wurin aiki sai ka zazzage wa shef komai, ciwon mi ne, wace mata ce ba lafiya, har ka ga dattijo tsaye cikin buro gaban yara yana bayanin basir ɗinshi murya na rawa. Wallahi abin na ci mani rai. Ba haka ba ne. Takardar da likita ke ba ka kwanakin hutu yake rubutawa, sunan ciwon sirri ne tsakaninku. Konje kuma, wato hutun aiki, haƙƙinka ne, dokar aiki ta Nijar ta 2012 ta ba ma'aikaci kwana biyu da rabi kowane wata, mai ciki kuma sati 14.

Amma fa kai ma kar ka turo saƙon WhatsApp da asuba ka ɓace. In biki ne ko tafiya ka faɗa da wuri, ka ce ranka ya daɗe ina da uzuri na gida, ranar kaza zan dawo, wane zai riƙe mani aikina. Rasuwa ce kawai da ciwon farat ɗaya ba a shirya musu, su ko ta waya ka sanar ya wadatar kafin takarda ta biyo baya.