Carbi a wuya, ruɓaɓɓen dankali a ƙasan buhu

Asabar ɗin makon jiya na shiga kasuwar Farin Gada ta Jos sayen dankalin turawa. Ina cikin zagayawa sai na hangi wata mata da carbin Rosari a wuya, shuɗi, irin na roba da ake rabawa a coci. Nan take hankalina ya kwanta, na ce ga ta gida. Muka gaisa, ta ce ai ta san fuskata a Misar safe, wato ibadarmu ta Katolika. Ban tsananta ciniki ba, ban kuma ce a zazzage buhun in gani ba, don kunyar kada ta ga kamar ban yarda da ita ba. Da muka juye shi a tsakar gida, na sama manya-manya ne masu kyau, daga tsakiya zuwa ƙasa kuwa ƙanana kamar ƙwan zabo, wasu har sun fara ruwa suna wari.

Na yi ta bambami. Uwargida tana zaune a kujera 'yar tsugunno tana ware masu kyau a daro, ba ta ce uffan ba sai da na gaji don kaina. Sannan ta ɗago kai ta ce, "Maigida, telan da ya ɗinka maka rigar ƙungiyar mazan coci, wata nawa ke nan yana bin ka?" Wata huɗu. Kuma da wannan rigar nake tsayawa gaban jama'a ina karanta karatu na farko. Laifi tudu ne, na taka nawa na hango na mai dankali.

Kada wani ya ce ina raina ibada. Muna cikin Oktoba, watan Rosari, kuma babban cocinmu na Jos sunan Uwargidanmu ta Fatima yake ɗauke da shi, wato Maryamu uwar Yesu, wadda ta bayyana ga yara uku makiyaya a ƙasar Portugal a 1917 ta ce a riƙa yin Rosari kullum. Ni a bakin kakata na koyi "A gaishe ki Maryamu", ita da ba ta san ko bihim a boko ba, ƙwayoyin carbinta sun yi sulɓi saboda ja. Ina son Hanyar Gicciye a lokacin azumi, ina son waƙar Zumuntar Mata idan tulu da kacau-kacau suka ɗauka. Abin da ke damuna shi ne yadda muke ajiye duk wannan a ƙofar coci, mu shiga Litinin hannu rabbana.

A garin nan kuwa abin ya fi nauyi. Tun rikicin 2001, aka sake a 2008 da 2010, unguwanni sun rabu, kowa ya koma cikin nasa. Inda muka rage muna haɗuwa shi ne kasuwa, tasha, ofis da asibiti. Maƙwabcinka Musulmi ba zai zo ya saurari wa'azin Fada ba. Mudunka yake dubawa, ko an bubbuge gindinsa. Yana lura da ko kana cika alkawari. Mu ma ai haka muka auna Liman Abubakar Abdullahi na ƙauyen Nghar a Barikin Ladi: ba huɗubarsa muka ji ba, Kiristocin da ya ɓoye a masallaci da gidansa a 2018 muka gani.

Ga wanda ya fi ci mini rai. Gidajenmu nawa ne ke da yarinyar da aka ɗauko daga ƙauye da alkawarin za a sa ta makaranta? Ita ce farkon tashi a sanyin Disamba, hannunta ya tsattsage da wanke-wanke, ita ke goye da jariri a bayan coci har a tashi, ba ta ji ko kalma ɗaya ta Bishara ba. Shekara uku ba ta taka aji ba. Da dare kuma a kira ta ta durƙusa a yi Rosarin iyali, Madam na jan addu'a da murya mai taushi. Me yarinyar nan za ta ɗauka game da Allahn gidan? Wasiƙar Yaƙub a Littafi Mai Tsarki ba ta ɓoye-ɓoye ba, ta ce bangaskiyar da ba ayyuka matacciya ce.

Muna son labarin manya. Fada Cyprian Tansi, wanda Fafaroma John Paul na biyu ya ayyana mai albarka, matakin da ke kafin waliyyi, a 1998 kusa da Onica. Michael Nnadi, ɗan shekara 18, da aka sace daga makarantar horar da Fada ta Good Shepherd a Kaduna a Janairun 2020 aka kashe shi. Muna sa hotonsu a Facebook, a yi ta rubuta amin. To amma yawancinmu ba za a taɓa ɗora mana bindiga a ka ba. Jarrabawarmu naira ɗari biyu ce da mai keke ya manta bai karɓa ba. Shi ya sa Carlo Acutis ya fi ba ni kunya, yaron Italiya da aka ayyana waliyyi ranar 7 ga Satumba 2025. Shekararsa 15 ya rasu a 2006. Yana zuwa Misa kullum, yana son kwamfuta kamar yaranmu, kuma da kuɗin aljihunsa yake taimakon marasa wurin kwana a titunan Milan.

Ranar Litinin na je wurin telan. Ya ƙirga kuɗin sau biyu, ya yi murmushi ya ce, "Yallaɓai, ai na ɗauka ka sa ni cikin baikon coci." Mai dankali kuwa na gan ta jiya a Misar safe, benci biyu a gabana. Da aka ce mu ba juna salama ta juyo ta miƙo hannu, na karɓa. Maganar buhun tana nan a bakina, ina jiran ranar kasuwa in same ta ita kaɗai.