An Toshe Ta da Ƙarfi

Yayana ne ya bar min 'yar kwamfutar nan da zai koma Kaduna. Irin 'yan mitsi-mitsin nan ce da ake kira netbuk, allo inci 10, ƙwaƙwalwar aiki gigabait 1 kacal, ga Windows XP a ciki, wanda tun 2014 masu shi suka daina kula da shi. In ka kunna ta sai ka yi alwala, ka yi salla, ka dawo ka tarar tana miƙa.

Ƙanena da ke karatu a Jami'ar Usmanu Danfodiyo ya ce, "Yaya, sa mata Lubuntu. Linux ne marar nauyi, wato manhaja madadin Windows, don irin waɗanga tsofaffin anka yi shi." Ya ba ni a filashi, ya koma makaranta abinsa.

Na samu tsumma na goge ta tsaf, gaba da baya, don a shiga sabuwar rayuwa da tsabta. Na loda. Wallahi ta farka kamar jakin da ya ji bulala. Har na fara tunanin sai in buɗe shagon gyara a Mabera. Sai na nemi waifai. Ɗif. Ko suna ɗaya ba ta gani, har da na wayata da ke jingine a jikinta.

Na kira yaron. Ya ce, "Wataƙila direba ne babu." Na ce direban wace mota? Ya ce 'yar manhaja ce da ke yi wa kwamfuta tafinta da na'urar kama waifai, kuma a intanet ake sauko da ita. Wato sai na hau intanet sannan in ɗauko abin da zai hau da ni intanet.

Dabara ta zo: na haɗa waya da kwamfuta da igiyar caji, intanet ya shigo ta nan. Murna ta sa na danna wajen sabunta komai da komai, datar wata guda ta ƙare kafin shayina ya huce. Na sake saye. Dare uku ina tsakar gida cikin zafin Afrilu, ba wuta, zufa na ɗiga kan maɓallai, ina kwafar umarnin da ban san ma'anarsa ba cikin wani baƙin allo. A dare na uku na rubuta rfkill list, ta amsa da layi ɗaya da ya tsaya min a rai: Hard blocked: yes.

Na fassara wa Inna cewa wai an toshe ta da ƙarfi. Ta ajiye carbi. "An toshe? Ai na san za a rina. Tun randa maƙwabta sunka gan ka da ita." Kafin in yi magana ta ja kwamfutar gabanta ta yi mata tofi, har da allon.

Washegari na hau kabu-kabu zuwa wurin mai gyara. Ogan na cin abinci, sai yaron shagon, wanda bai fi shekara goma sha biyu ba, ya karɓa.

"Baba, mi yas same ta?"

Na fara jawabi tun daga 2014. Bai ko saurare ni ba. Ya ɗaga gabanta, ya sa farce ya tura wani ɗan makunni da bai kai ƙwayar shinkafa biyu ba. Wata 'yar fitila ta kama. Sunayen waifai suka zubo har na mai shagon kusa.

"Lahiyatta lau. Kashewa anka yi. Ko kun goge ta da tsumma?"

Na ce yara ne a gida. Ba ni da yara.

Da na dawo Inna ta leƙo ta ga shafuka na buɗewa. Ta gyaɗa kai ta ce, "To ka gani. Shi tofi sai ya kwana yake kamawa."

Na ce haka ne, Inna.