Sun buga mana taga a Ingila, sai na tuna Gambo Sawaba

Sai ƙarfe 4 na yamma aka turo mana adireshin wurin taron, alhali ƙarfe 7 za a fara. A ƙasan saƙon an roƙe mu kada mu tura wa kowa, kada mu saka a Facebook, in mun zo kuma mu bi ta ƙofar baya. Shekara 11 ke nan ina aikin jinya a arewacin Ingila, ban taɓa ganin an ɓoye wurin taro haka ba. Kuma taron ba na komai ba ne illa mata su zauna su tattauna tambaya guda: idan doka ta ce mace, wa take nufi?

Wata tsohuwa ce silar zuwana. Ta haura shekara 80, ta karye a ƙugu, tana kwance a ɗakin da nake aiki. Wata safiya ta riƙe min wuyan hannu, ta ce in yi mata alkawari namiji ba zai yi mata wanka ba. Ban nemi ta faɗa min dalili ba. Ni 'yar Zariya ce. A inda na tashi mace ke yi wa mace wankan jego, mace ke wanke gawar mace, a bakin zaure kuma a rubuta "ba shiga" kowa ya gane. Na ce mata na yi alkawari. Ina fita daga ɗakin na tambayi kaina ko ina da ikon cika shi, tunda a lokacin kalmar mace kanta ita ake ja-in-ja a kai.

Ba mu kai mu 70 a zauren ba. Yawanci masu furfura ne: tsofaffin malaman makaranta, ungozomomi, da matan da suka ƙare rayuwarsu suna kula da gidajen fakewar matan da mazajensu ke duka. Ga shayi a kofin takarda, ga biskit. Mai jawabi ba ta gama gaisuwa ba muka ji an fara dukan tagogi daga waje, da tafin hannu, da ƙafa, gilashi yana rawa. Matasa ne, da yawansu sun rufe fuska da baƙin ƙyalle, ga lasifika. Dattijuwar da ke kusa da ni ta zare na'urar ƙara ji daga kunnenta ta saka a jaka, don ƙarar tana soka mata kai, ta zauna har ƙarshen taron tana kallon leɓen mai magana. Da aka tashi, bibbiyu muka riƙa fita, ana haska mu da wayoyi ana ɗaukar fuskokinmu. Abokiyar aikina 'yar Somaliya da ta gayyace ni ta ja mayafinta har hanci. Ba duka take tsoro ba. Tsoronta a kai hotonta wurin aiki.

Cikina ya ɗuri ruwa a daren nan, kuma na san irin wannan tsoron. Shi ne wanda nake ji ina yarinya in kakar siyasa ta zo, 'yan banga suka ratso unguwa da gorori, Inna ta leƙo tana ƙwala mana kira mu shigo ta sa sakata. Na ɗauka na baro shi a gida.

Ga asalin rigimar, ga wanda bai bibiye ta ba. Tun 2004 Birtaniya take da dokar da ta ba mutum damar sauya jinsinsa a takarda, amma da sharuɗɗa: shaidar likitoci, da zama na shekara 2 a jinsin da yake nema, sannan wani kwamiti ya duba. A 2017 gwamnatin Theresa May ta ce za ta sassauta, a 2018 kuma ta buɗe ƙofar jin ra'ayin jama'a, har da shawarar a cire batun likita, furucin mutum ya wadatar. Wasu mata suka ce a dakata. In haka ne, yaya kurkukun mata, da ɗakunan asibiti, da wurin canza kaya, da gasar wasanni? Gwamnati ce da kanta ta ce a fito a yi magana. Da suka fito, sai ga abin da ya biyo baya.

A Satumban 2017 mata sun taru a Hyde Park a Landan suna jiran a faɗa musu inda aka mayar da taronsu, don masu wurin farko sun janye. Nan aka kai wa Maria MacLachlan, mai shekara 60, duka. Kotu ta kama wanda ya buge ta da laifi a 2018, amma da yake mai sauya jinsi ne, a zaman shari'ar alƙali ya nemi ta riƙa ce wa mutumin "ita". A Satumban 2019 a Brighton, ƙungiyar Woman's Place UK ta yi taro ana dukan tagoginta daga farko har ƙarshe, irin dai abin da na gani da idona. Kathleen Stock, farfesar falsafa a jami'ar Sussex, ta wayi gari ta ga an lilliƙa takardun neman a kore ta a hanyar ofishinta, a Oktoban 2021 ta ajiye aikin. A Maris na 2023 a birnin Auckland na Niyuzilan, an watsa wa Kellie-Jay Keen, mai shirya irin waɗannan tarukan mata, ruwan tumatir aka fitar da ita da ƙyar ba ta ce uffan ba, wata dattijuwa mai shekara 70 da ɗoriya kuma ta sha naushi a fuska.

Abin da mutanenmu a gida ba su cika ganewa ba shi ne, waɗannan matan ba masu wa'azi ba ne. Da yawansu 'yan jam'iyyar Leba ne, 'yan ƙungiyar ƙwadago, wasu ma ba ruwansu da addini. Ita Kathleen Stock mace take aure. Faɗan cikin gida ne, tsakanin mutanen da jiya suke tafiya zanga-zanga kafaɗa da kafaɗa. Shi ya sa ya yi ɗaci haka.

Ni ra'ayina a fili yake. Mace ita ce wadda aka halitta mace, kuma akwai wuraren da dole a bar mata su kaɗai. Amma ba zan yi wa ɗaya ɓangaren, wato masu sauya jinsi da magoya bayansu, ƙarya ba. Su ma tsoronsu na gaske ne. A Fabrairun 2023 wasu yara biyu suka kashe Brianna Ghey, wata mai sauya jinsi 'yar shekara 16, da wuƙa a wani lambu kusa da Warrington, kuma alƙaliyar da ta yanke hukunci ta ce ƙiyayya ga sauya jinsi na cikin abin da ya ingiza ɗaya daga cikinsu. A Melbourne, mako guda kafin abin da ya faru a Auckland, wasu 'yan Nazi sun bayyana a gefen taron matan suna ɗaga hannu irin na Hitila. Duk wanda ya ga wannan hoton ya firgita, yana da hujja. A wurin aikina akwai mai sauya jinsi da muka sha raba dare tare, mai haƙuri da tsofaffi fiye da yawancinmu, kuma na ga yadda yake duba bayansa in zai fita tashar bas da asuba. Wallahi ba na so ko ƙwarzane ya same shi.

To, amma tsoronka ba ya ba ka lasisin tsorata wani. Ka tsaya a tsallaken titi da kwalinka, ka yi ihu har muryarka ta dishe, ka kira naka taron ka warware hujjar matan nan ɗaya bayan ɗaya, duk haƙƙinka ne. Ranar da ka rufe fuska ka daki taga, ka kira masu zaure ka razana su har su mayar da kuɗin haya, ka ɗauki hoton mace don a kore ta daga aiki, to ka bar muhawara ka koma banga. Wata yarinya ɗaliba ta ce min ai matan da suka nemo 'yancin zaɓe a Ingila su ma sun fasa gilasai. Gaskiya ne. Amma na ofisoshin gwamnati da manyan kantuna suka fasa, ba su je sun tsare tsofaffi a zauren shan shayi ba.

Da na ba Yayana labari a waya, dariya ya yi. Ya ce, "Ai ga irinta nan, ƙanwata. Turawa sun rasa abin yi, yau ga shi ba su san mace ba. Mu dai Allah Ya rufa mana asiri." Na ce, "Yaya, ka yi haƙuri, amma laifi tudu ne. Ka manta asibitin da aka haifi 'ya'yanka a Ƙofar Gayan sunan wa yake ɗauke da shi?"

Shiru ya yi. Hajiya Gambo Sawaba ta shiga NEPU tana 'yar shekara 17. Laifinta na farko a Kano shi ne ta tara mata ta yi musu magana ba da izini ba, aka gurfanar da su gaban alƙali aka ɗaure. Daga baya aka kore ta daga birnin. Sau 16 tana shiga gidan yari. An yi mata bulala, an aske mata kai, 'yan banga sun yi mata dukan kawo wuƙa. A Kanon wancan zamanin har ƙungiya aka yi da ake kira 'Yan Mahaukata, aikinsu tarwatsa taron 'yan hamayya. Me take nema? A bar macen Arewa ta jefa ƙuri'a, a daina aurar da ƙananan yara, a saka 'ya'ya mata a makaranta. Matan Kudu sun yi zaɓe tun kafin 'yancin kai, namu sai 1976. Yau muna saka wa asibiti da ɗakin kwanan ɗalibai sunanta, amma tana raye karuwa aka riƙa ce mata.

Nan ne kamannin ya fi ba ni tsoro: laƙabi. A Ingila kalmar ita ce TERF, laƙabin da ake yi wa macen da ake zargi da ƙin masu sauya jinsi. Da zarar an manna miki ita, ba sauran mai sauraron abin da kika faɗa, kuma duk abin da aka yi miki ke kika ja. A Glasgow a Janairun 2023 har kwali aka ɗaga mai cewa a sare kawunan masu wannan suna. A wurinmu kalmomin su ne karuwa, 'yar boko, 'yar kwangilar Yahudawa. A 2019, da 'yan matan Arewa suka fara faɗin fyaɗen da aka yi musu a ƙarƙashin ArewaMeToo, 'yan sanda suka kama Maryam Awaisu a Kaduna, sauran kuma aka riƙa jifansu da cewa kuɗin yaɗa luwaɗi da maɗigo suka karɓo. Ka duba abin mamaki. A can, mace ta ce a kare mata daga maza, an ce tana ƙin masu sauya jinsi. A gida, mace ta ce a kare mata daga maza, an ce su take wa aiki. Zargi biyu masu karo da juna, amfaninsu ɗaya: ta yi shiru.

Kuma kada mu yi kamar ba mu taɓa ganin namiji mai ɗabi'ar mata ba. 'Yan daudu sun girme mu duka. Na tashi ina ganinsu a tasha suna suyar kaji, zani a ƙirji, suna kiran juna da sunayen mata, a gidan biki kuma su ne kan gaba wajen tukunya. Ban taɓa jin ɗayansu ya ce sai an kai shi kurkukun mata ba, matan unguwa kuma ba su ɗauke su abokan gaba ba. Tun daga ƙaddamar da shari'ar Musulunci a 2000 zuwa dokar haramta auren jinsi ta 2014 duniyarsu ta ƙuntata, yau ɗan ihu kaɗan ya isa a taru a kansu da duwatsu. Addinina ya faɗa min matsayin wannan hali, ban kuma zo in gyara masa zance ba. Amma bai miƙa min sanda ba. Wanda ya karanta wannan rubutu ya ji daɗi don ya samu hujjar dukan ɗan daudu, to shi da masu baƙin ƙyallen can sana'arsu ɗaya.

Inda Ingila ta fi mu, kuma dole in faɗa, shi ne kotu. Maya Forstater ta rasa aikinta saboda ra'ayinta irin na matan nan, ta kai ƙara, ta faɗi a zagayen farko, ta ɗaukaka, a Yunin 2021 aka yanke cewa doka ta kare mai wannan ra'ayi. Wata ƙaramar ƙungiya mai suna For Women Scotland ta yi ta tara gudummawa tana shari'a da gwamnatin yankinta shekara da shekaru, har ranar 16 ga Afrilun 2025 alƙalai 5 na Kotun Ƙoli suka haɗu a kan cewa mace a dokar daidaito ta 2010 tana nufin mace ta halitta. Ɗaya daga cikinsu, Alƙali Hodge, ya ja kunne kada a ɗauki hukuncin a matsayin nasarar wani ɓangare a kan wani, don dokar har yanzu ta hana a nuna wa masu sauya jinsi wariya. Mu kuwa, a Maris na 2022 Majalisar Tarayya ta yi fatali da ƙudurori 5 da suka shafi mata a rana guda, mata suka yi kwanaki a bakin ƙofarta cikin rana. Macen da aka tarwatsa wa taro a Gusau ko Maraɗi, wace kotu za ta je, da wane kuɗi, kuma wa zai bar ta ta fita daga gida?

Hukuncin bai kashe wutar ba. Kwana 3 bayansa, a zanga-zangar da aka yi a Landan, an ɓata gumaka da fenti a dandalin majalisa, har da na Millicent Fawcett, matar da ta yi shekaru tana neman wa matan ƙasar ƙuri'a. A Oktoban 2025 an farfasa gilasan zauren da ƙungiyar FiLiA za ta yi taron mata a Brighton, tun kafin mahalarta su iso.

Tsohuwar nan an sallame ta tuni, kuma har ta tafi mace ce ta yi mata wanka, don ni da abokiyar aikina mun riƙa musayar ranakun aiki a tsakaninmu. Akwai wani taron a wata mai zuwa. 'Yata mai shekara 16 ta ce za ta bi ni, ba kuma a komai muka yarda da juna a wannan batu ba. Na ce ta zo ta ji da kunnenta, in tana da tambaya ta ɗaga hannu. Har yanzu ba a turo adireshin ba.