Sarauniyar dare ba tsiron hamada ba ce

Da yawa cikin masu sayen kaktus ɗin nan mai buɗe fure da daddare, wanda ake kira sarauniyar dare ko Epiphyllum oxypetalum, suna ɗaukar ta tamkar ƙerana: a dasa a rairayi, a ajiye tsakar gida cikin rana, a manta da ban ruwa. Nan take sai ta yi jaja-jaja, gefenta ya ƙone, fure kuwa ko alama babu.

Asalinta dazuzzukan kudancin Meziko ne da Gwatamala, inda take maƙale a rassan bishiyoyi, ƙarƙashin inuwa, cikin danshi. Abin da ake gani kamar ganye mai faɗi ma reshe ne, kuma daga ɗan loƙon da ke gefensa toho yake fitowa. Saboda haka inuwa mai haske take so, irin ta ƙarƙashin mangwaro ko rumfa. Ranar bazara ta Kano ko Maraɗi ta fi ƙarfinta. Ƙasar tukunyar ta zama mai saurin tsane ruwa, a haɗa da ruɓaɓɓen ganye da ɓawon itace. A zura yatsa, in saman ya bushe a ba ta ruwa, amma lokacin hunturu a rage.

Akwai kuma masu cewa sau ɗaya take fure a shekara. Kowane fure ne yake yin dare ɗaya tak: ya buɗe bayan isha'i, fari tas, ƙamshi ya cika gida, kafin hantsi ya langaɓe. Wadda ta girma kuma ta samu kulawa tana iya maimaitawa sau da dama kafin damina ta wuce.