Damuwar da Muke Ɗora wa Iyayenmu Tana Cin Garkuwar Jikinsu

Ya ku 'yan'uwana matasa, ina so mu yi wa kanmu faɗa a kan wani abu da muka raina, wato barin iyayenmu tsofaffi cikin zullumi da tunani, alhali jikinsu ba shi da sauran ƙarfin ɗaukar wannan kaya.

A bayan ƙashin ƙirji akwai wata 'yar tsoka da likitoci ke kira taimus, inda wani rukuni na fararen ƙwayoyin jini yake samun horon yaƙi da cuta. Tun daga balaga take fara motsewa, kuma kafin mutum ya tsufa kitse ya mamaye mafi yawanta. Shi ya sa murar da takan saki matashi cikin 'yan kwanaki take kwantar da dattijo har ta gangara huhu, kuma ƙwayar ƙarambau da ya yi tun yana yaro, wadda ta laɓe a jijiyoyinsa, take iya farkawa ta feso masa ƙuraje masu raɗaɗi a ɓari ɗaya na jiki.

To, a kan wannan raunin ne damuwa take sauka. Idan hankali ya tashi, wasu 'yan tsokoki da ke saman ƙoda sukan saki sinadarin kotisol, wanda yake da amfani in tashin hankalin na ɗan lokaci ne, amma in ya ɗauki watanni sai ya danne garkuwar jiki. A 1995 masu bincike a jami'ar jihar Ohio ta Amurka sun gwada matan da ke jinyar 'yan'uwansu masu ciwon mantuwa, suka tarar ƙaramin rauni a fatarsu yakan ƙara kusan kwana 9 kafin ya warke, in aka kwatanta da sa'o'insu da ba sa jinya.

Na ga haka a gidanmu. Shekarar da mahaifinmu ya samu shanyewar ɓarin jiki, Inna ce take juya shi cikin dare, ita ce mai ba shi kunu a cokali, ga tunanin ƙanena da ya tafi ci-rani ya daina kira. Wuƙa ta ɗan yanke ta a yatsa wajen yanka kuɓewa, ciwon ya yi ta ruwa har mako uku, mura kuwa ba ta sake ta ba duk hunturun. Mu muna cewa tsufa ne, alhali da hannunmu a ciki, kuma har yau abin yana damuna.

Saboda haka, ɗan'uwa, in akwai mara lafiya a gida, ka karɓi kwanan jinya ko da sau biyu ne a mako, domin mahaifiyarka ta samu barci. In kana nesa, ka kira ta, ko ba ka da abin aikawa. In kuma ka ji tari ya wuce mako biyu a ƙirjin tsoho, ka kai shi asibiti a duba tarin fuka, kada ka tsaya sayen ƙwaya a kemis.