Ni da Madrona da Tazargade a Bayan Gida

A ganina gida bai cika gida ba sai da inuwar da za a shimfiɗa tabarma bayan la'asar. Saboda haka da Allah ya hore mana ɗan gida mai fili a baya, a wajen birnin Seattle na jihar Washington a Amurka, uwargida na lissafin labule da kujeru, ni kuwa bishiya ce a raina. Darbejiya ba za ta kai labari a sanyin nan ba, balle mangwaro. Sai idona ya faɗa kan wata bishiya da ke fitowa a gangaren duwatsu na bakin teku, mutanen nan suna ce mata madrona. Ganyenta kore ne shar rani da hunturu, mai kauri da sheƙi. Jikinta ja ne, idan ɓawon ya saɓule sai ka ga fata sumul kamar ta amaryar da ta sha dilka, in ka dafa da tsakar rana ka ji sanyi. Tsawonta yakan wuce mita 20. Na ce shi ke nan, nema ya ƙare.

Mai sayar da dashe dattijo ne mai son surutu. Ya ba ni tarihinta tun daga Archibald Menzies, likitan jirgin ruwa ɗan Scotland da ya rubuta bayaninta a 1792, ya ce daga British Columbia ta Kanada har Kalifoniya ake samunta. Daga nan ya miƙo min wani ɗan tsiro da bai fi taƙi ɗaya ba. Na ce, "Ranka ya daɗe, inuwa nake nema wa kaina, ba wa jikokina ba." Na nuna wadda ta kawo min ƙirji. Ya girgiza kai, ya ce madrona ba ta son a taɓa mata saiwa, rayuwarta a ɗaure take da wata fumfuna ta cikin ƙasa da ke taya ta jan abinci, kuma mafi yawan manyan da aka dasa ba sa kamawa. Ya ƙara da cewa kada in sa mata taki, kuma da rani in ɗauke hannuna daga tiyo.

Wanda ya tashi a Kano ba a yi masa wannan wayon. Nan take na gano lissafinsa: so yake ta mutu in dawo in sayi wata. Na biya kuɗi, na sayi buhun takin shanu a gaban idonsa, na tafi.

Ita kuwa tazargade ba ni na nemo ta ba. Shekarar 2020 ce, lokacin da Madagaska ta fito da wani jiƙon tazargade ta ce maganin korona ne, kowa a gida ba shi da zance sai tazargade. Hajiya ta kira ni ta ce, "Kai da kake ƙasar sanyi da 'ya'yan mutane, ka shuka ta a gida, ka ji ko?" Na ce to, Hajiya. Da na nuna wa tsohuwar da muke maƙwabtaka hoton, sai ta ce ai tana da 'yar'uwarta a bayan gareji. Ta tumɓuko min guda, fuskarta cike da murna irin wadda ya kamata ta sa mutum ya tsaya ya yi tunani. Na tona rami da dunduniyar takalmi kusa da tumatir da alayyahun uwargida, na cusa ta, na manta da ita.

Madrona kuwa ta ga gata. A nan ƙasar ruwan sama da sanyi tare suke zuwa, watan Yuli da Agusta kuma ƙasa ta bushe ƙamas. Ina dawowa daga sallar asuba sai in ja tiyo, bayan isha'i ma haka. Baƙo ai ruwa ake fara ba shi. Cikin Yuli sai na ga ganye yana rawaya yana zuba. Ashe al'adarta ce, sai sabon ganye ya kafu take zubar da tsohon, kuma da rani take yin haka, lokacin da sauran bishiyoyi ke cikin ƙoshin lafiya. Ni dai abin da na gani ƙishirwa, sai na ƙara mata na azahar. Da ɓawonta ya fara tsagewa yana nannaɗewa, hankalina ya tashi. Na shafa mata man kaɗanya, na yago tsohon zanin uwargida na ɗaure wurin tamau.

Tsohuwa ta leƙo ta saman shinge, ta daɗe tana kallon bishiya sanye da atamfa. Cikin ladabi ta tambaya ko wannan wani abu ne na addininmu. Na ce a'a, jinya ce. Ta ce Allah ya ba ta lafiya, ko dai abin da ya yi kama da haka a harshensu, ta shige gida da sauri. Na ji ƙarar dariya ta taga.

Kafin hunturu ya shigo ganyen ya yi baƙi ya lanƙwashe. Akwai wata cuta mai ruɓar da saiwa da ke jin daɗin jiƙaƙƙiyar ƙasa mai ɗumi, ita kuwa madrona ba ta da ƙarfin yaƙi da ita. Ruwan hunturu ba ya damunta saboda ƙasa ta yi sanyi, na rani ne ajalinta. Bishiyar da aka ce ba ta taɓa rabuwa da ganye ta zama sanda. Uwargida ta zo ta tsaya, ta dube ta sama da ƙasa, ta ce, "Maigida, aƙalla mun samu wurin ɗaura igiyar shanya."

Duk wannan lokaci tazargade ko sannu ban ce mata ba, amma ta kawo min ƙugu, ta baje ganye fari-fari mai ruwan toka, ga wani wari mai shiga har ƙwaƙwalwa. Zomaye suka cinye alayyahun da ke nesa da ita, ita ko kusantarta ba su yi ba. Tumatir ɗin da ke gefenta kuwa ya tsaya cak, ba ya gaba ba ya baya, domin ganyenta na fitar da wani sinadari da ruwa ke wankewa cikin ƙasa, ya hana maƙwabtanta girma. Uwargida ta ce to, ga kishiya an kawo mata har cikin lambu.

Don in nuna shukar tana da amfani, ranar wata Lahadi da 'yan'uwa suka zo zumunci na dafa musu shayinta. Ban yi rowa ba, na cika tukunya da ganye. Wani Alhaji Badamagare, mutumin da yake taƙama maɗaci bai taɓa sa shi yamutsa fuska ba, ya yi bisimilla ya kurɓa. Ya ajiye kofi a hankali. Idonsa ya kawo ruwa. Can da ya samu bakin magana ya ce, "Malam, in na taɓa yi maka wani laifi, ai da ka faɗa min baki da baki." Har aka yi sallar magariba yana ɗauraye baki, uwargida na aiko da dabino da sukari ta hannun yara.

Cikin baƙin akwai wani matashi mai karatun haɗa magunguna. Ya tsinko ganye ya duba, ya ce, "Baba, wannan fa ba ita ce ta zazzaɓin cizon sauro ba." Ya ce waccan, wadda Tu Youyou ta ƙasar Sin ta samu kyautar Nobel a 2015 saboda maganin da ta fitar daga jikinta, koriya ce kuma shekara ɗaya take yi ta mutu. Tawa dangi ce kawai, 'yar Turai, mai dawowa kowace shekara daga gindinta, kuma akwai wani sinadari a cikinta da in ya yi yawa yakan sa mutum farfaɗiya. Sai ya sassauta murya ya ce kuma da ita ake yin wata koriyar giya da ake kira absinthe, wadda Amurka ta haramta a 1912, Faransa a 1915. Ya sassauta murya, amma Alhaji ya ji. Ni da ake sa ni limanci in liman ya yi tafiya, ga ni da gonar kayan giya a bayan ɗaki. Har yau in mun haɗu a masallaci sai ya tambaye ni yaya kasuwa.

Na ɗauki fartanya na sare ta. Da sanyi ya wuce ta dawo da ƙarfinta, tare da 'ya'ya a gindin shinge, a bakin hanya, har cikin tsagar siminti, don ƙwayar irinta ƙanana ce kuma tana zubar da ita bila adadin. A lokacin ne tsohuwa ta tuna ta faɗa min cewa hukumar jihar Washington ta sa ta cikin jerin ciyayi masu ɓarna, ko saniya ce ta ci sai nononta ya yi ɗaci. Na ce Iya, wannan bayani ai ranar da kika ba ni ya kamata ya zo. Ta ce ban tambaya ba.

Bana kuma, a bayan ɗakin ajiya, inda tsakuwa ce zalla kuma tiyo ba ya kaiwa, uwargida ta gano wani ɗan tsiro mai kaurin ganye da jan kara. Tsuntsaye na cin jajayen 'ya'yan madrona da kaka, su yar da ƙwallon inda suka ga dama. Na yi hamdala, na juya zan ɗauko bokiti. Ta tare ƙofa. Yanzu tiyo yana kulle a but ɗin motarta, buhun taki ta kyautar wa maƙwabta, yara kuma an ba su umarnin su yi ihu in suka gan ni na nufi wajen da buta a hannu, ko da alwala zan yi. Aikin da aka bar min shi ne cirar tazargade duk ranar Asabar, Hajiya kuma ta aiko a tambaye ni yaushe zan busar in aika mata rabonta.