Yadda ɗigo ɗaya ya sa na zagi maigidana

Shekara uku ina kan injin CNC, wato injin yanka da huda ƙarfe mai bin umarnin kwamfuta, kuma a lokacin nan in ka tambaye ni sai in ce maka na gama da shi. G00 a tafi da gudu, G01 a yanka a hankali, G81 a huda rami, M30 a tashi. Me ya rage? Abin da ya dame ni ɗaya ne: farantan ƙarfe masu ramuka a zagaye. Yau a kawo mai rami shida, gobe mai takwas, jibi a ce zagayen ya ƙara faɗi. Kullum sai na rungumi kalkuleta ina fitar da X da Y, wato lambobin da ke nuna wurin kowane rami, in rubuta a bayan takarda, in shigar da yatsa ɗaya.

Wata rana maigidan wurin ya tsaya a kaina yana kallo, ya ce, "Kai, injin nan ya fi ka iya lissafi. Ka koyi makro mana." Injinmu mai kwakwalwar kamfanin Fanuc ne, abin da yake nufi shi ne wanda suke kira Custom Macro B, wato furogiram da kake ba shi adadi ya yi lissafin da kansa. Na ce, "Ranka ya daɗe, sati ɗaya ya ishe ni." Bai ce komai ba, ya dai yi murmushi ya wuce.

Farkon abin daɗi ne. Ashe injin yana da aljihuna masu lamba da kake zuba adadi a ciki: #1 zuwa #33 na aikin da ake ciki ne kawai, #100 zuwa sama suna zubewa in an kashe wuta, na #500 kuwa ko an kashe suna riƙe da abinsu. Ka kira makro da G65, ka miƙa masa adadi da haruffa. A ya faɗa #1, B #2, C #3. Ni da wayona na ce to D ai #4 ne. Ina! D na #7 ne, don I da J da K sun riga sun shige gabansa. Wanda ya jera haruffan nan, ina da tambayoyi a gare shi. Haka kuma na yi lissafi a cikin baka mai lanƙwasa irin ta makaranta, wato ( ), ashe shi duk abin da ke cikinta hira ce ya ɗauke shi, ba ya ko kallo. Lissafi sai a baka mai kusurwa, wato [ ].

Na dai haɗa abina, na sa masa suna O9010. R shi ne nisan rami daga tsakiya, H yawan ramuka. A raba 360 da H, a samu kwana, COS ya ba da X, SIN ya ba da Y. Na naɗe su a tsakanin WHILE da END1, masu sa injin ya yi ta maimaitawa har ƙirgen ramuka ya cika. Gwajin farko a iska na yi, can sama da ƙarfe, don ina da sauran hankali. Dirila ta sauka ta tashi. Ta sake sauka a wurin, ta tashi. Ta sake. Na tsaya ina ƙirgawa har ashirin da wani abu, tana ta sunkuyo tana miƙewa kamar ƙadangare a kan katanga. Na manta layin da ke ƙara ɗaya a kan ƙirge, wato #33=#33+1. Tunda ƙirgen bai taɓa barin sifili ba, a wurin injin har yanzu ramin farko ake. Da ban danna RESET ba, da har yau tana nan tana yi.

Na gyara, na gwada da R50. mai ɗigo a ƙarshe, ta zagaya tsaf, shida cif. Nan kaina ya kumbura. Na kira abokan aiki biyu, na ɗaure faranti na gaske, na ce su zuba ido su ga yadda ake aiki da ilimi. Cikin rawar jiki na sake buga layin kiran, na rubuta R50, na danna koren maɓalli, na harɗe hannu.

Dirila ta nufi tsakiyar faranti, inda babu rami a zane, ta huda. Ta tashi ta koma cikin ramin nan. Sau shida. Sannan ta ɗaga kai ta tsaya, wai ta gama. Ɗaya daga cikin 'yan kallo ya leƙa ta gilashi ya ce, "Malam, sauran biyar ɗin a ciki suke?"

Tunda alamar ciwon iri ɗaya ce da ta ɗazu, sai na koma kan ƙirge. Wuni guda ina bin WHILE layi-layi, ina gogewa ina mayarwa, har na fara zargin injin da tsufa. Ko kaɗan bai zo mini ba cewa wancan karon ba ta tsaya ba, wannan kuwa ta tsaya a shida. Da yamma maigida ya zo, bai ko duba furogiram ɗin ba. Ya sa a gudu layi-layi a iska, ya buɗe shafin da ke nuna aljihunan makro, ya ɗora yatsa a kan #18, gidan R. An rubuta 0.050. Yadda aka saita injinmu, adadin tsawo in babu ɗigo, da kashi ɗaya cikin dubu na milimita yake ƙirga shi. Ni na ce hamsin, shi ya ji hamsin cikin dubu. Ya yi mini zagayen ramuka shida kuwa, babu ha'inci, sai dai faɗinsa kamar silin gashi. Lissafina daidai, faranti ya tafi kwandon shara.

Daren nan na yi rantsuwa ba za a kuma ba. Na gano #3000, wanda in ka zuba masa lamba injin zai tsaya cak ya nuna saƙon da ka rubuta a gefe. Na sa sharaɗi: in #18 bai kai 1 ba, a tsaya. Saƙon kuwa kaina na rubuta wa, cikin fushi: JAKI KA MANTA DIGO. Injin ba shi da ɗ mai ƙugiya, amma zagi ko babu ƙugiya yana shiga. Na ƙara wani don wanda ya manta H. Na ji sanyi a raina, na manta da batun.

Makro ya yi ta aiki lafiya lau, kalkuleta ta yi ƙura. Bayan sati biyu ina can baya ina wanke hannu, sai ga mai kaya ya zo da gaggawa. Maigida ya ce bari ya buga da kansa, ya kuma nuna wa baƙo irin ci gaban da muka samu. Na jiyo shi yana cewa, "Yanzu layi ɗaya kawai muke rubutawa." Sai shiru. Sai baƙon ya fara karanta allo da ƙarfi, harafi-harafi, irin karatun mai son ya tabbatar.

Aka ƙwala mini kira. Na iso hannu na ɗigar ruwa. Allo ya yi ja, ga 3001, ga saƙona a gefe, ga R75 babu ɗigo a sama. Maigida ya ce, "Wa injin nan yake nufi?" Na ce, "Ranka ya daɗe, ni yake nufi, bai san an canja mutum ba." Baƙo ya juya baya, kafaɗunsa na rawa. Maigida ya daɗe yana kallona, sannan ya sa ɗigon da kansa, ramuka takwas suka fito sumul.

A gabansa na mayar da saƙon RANKA YA DADE A SA DIGO. Ya gyaɗa kai, ya shiga saitin injin ya kulle duk furogiram masu lamba 9000 zuwa sama, ya ce daga yau babu mai taɓa su sai da izininsa. Ban samu bakin gaya masa cewa na H yana nan yadda na bar shi ba. KIDAHUMI RAMI NAWA aka rubuta. Duk sanda ya nufi injin nan da faranti a hannu, sai in ce masa, "Kawo in buga maka, ranka ya daɗe, kada ka wahala."